Brotherhood: daga ina kalmar ta fito, kuma me take nufi a bakin masu ita?

Ranar 29 ga Mayu, 2024, Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar da ta dawo da tsohon taken Najeriya, wanda aka yi ta rerawa daga 1960 zuwa 1978. Yara a filin taron safe na makarantu suka koma haddar baitocin da kakanninsu suka sani. A layi na huɗu na baitin farko akwai kalmar *brotherhood*, inda ake cewa duk da bambancin ƙabila da harshe, a kanta muke tsaye. Ɗalibi ya tambayi malaminsa ma'anarta, malam zai ce "'yan'uwantaka", a wuce wurin. Sai dai cikin masu sukar taken akwai waɗanda suka ce kalmar ta maza ce, ta bar mata a waje. Bahaushen da ya ji haka dole ya yi mamaki, domin a harshensa 'yan'uwantaka ba ta ware namiji da mace.

Ruɗanin bai tsaya nan ba. Da wannan kalmar jaridun Turanci ke kiran ƙungiyar 'Yan'uwa Musulmi ta Masar. Da ita suke kiran ɗariƙun Ƙadiriyya da Tijjaniyya. Tana cikin sunan ƙungiyoyin ƙwadago na Amurka, tana cikin sunan wani gungun masu laifi a gidajen yarin ƙasar, tana kuma cikin sashe na farko na kundin haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya. Kalma ɗaya ba ta ɗaukar wannan kaya haka kawai, sai da tarihi a bayanta.

## Saiwar kalmar

Kalmar gida biyu ce: *brother*, wato ɗan'uwa namiji, da ɗafin *hood*. Ta farkon tana cikin tsofaffin kalmomin da Ingilishi ya gada. Da Farisanci ana cewa *baradar*, da Sanskirit na tsohuwar Indiya *bhratar*, da Rashanci *brat*, da Jamusanci *Bruder*, da Latin kuma *frater*. Wannan kamanni yana cikin abin da ya nuna wa masana cewa harsunan nan uwa ɗaya ta haife su. A 1786 wani alƙalin Ingila da ke aiki a Kalkata ta Indiya, William Jones, ya yi jawabin da ya shahara, inda ya ce Sanskirit da Girkanci da Latin daga tushe ɗaya suka fito. Wannan tushe ba a taɓa samun rubutunsa ba. Ta hanyar gwama 'ya'yansa aka gano kamanninsa.

Wani zai ce ina *frater* ina *brother*? Amsar tana cikin ƙa'idar sauyin sauti da masanin harshe Bajamushe Jacob Grimm ya bayyana a 1822. Sautin da Latin ya riƙe a matsayin "t", kakannin Ingilishi sun mayar da shi "th", shi ya sa uku take *tres* a Latin, *three* a Ingilishi. Haka kuma wani tsohon sauti mai kama da "bh" ya koma "f" a farkon kalma a Latin, ya koma "b" a Ingilishi. In aka bi wannan, kalmomin biyu abu ɗaya ne da ya bi hanya biyu. Daga baya za su haɗu a Ingila, su zauna gida ɗaya kamar kishiyoyi.

Abin da ya faru da kalmar a Girka ya cancanci a dakata a kansa. A wurin Girkawan da, *phrater* ta daina nufin ɗan'uwa na jini. Ta koma nufin ɗan wata ƙungiya ta dangi, wadda a birnin Atina uba kan kai ɗansa gabanta a shaida cewa nasa ne, a karɓe shi. Da suka rasa kalmar ɗan'uwa na ainihi, sai suka ɗauki wata, *adelphos*, wadda asalinta ke nufin wanda kuka fito mahaifa ɗaya. Hausa ma ta uwa ta bi: ɗan'uwa, ɗan uwa. Ta ɓangaren uba kuwa, kowa ya san abin da ake nufi da 'yan ubanci. Abin lura dai shi ne, sama da shekara dubu biyu da suka wuce, tun babu wani harshe mai suna Ingilishi, kalmar ta riga ta fara zamewa daga jini zuwa ƙungiya.

Ɗafin *hood* kuwa daga tsohuwar kalma *had* ya fito, mai nufin hali ko matsayi ko muƙami. Aikinsa irin na "taka" da "nci" ne a Hausa, kamar a maƙwabtaka da shugabanci. Amma yana da wata ɗabi'a da namu ba su cika yi ba: yakan tashi daga hali ya koma abin da ake gani da ido. *Neighbourhood* da farko maƙwabtaka take nufi, yau kuwa unguwa ce. Hanyar da *brotherhood* ta bi ke nan. A tsohon Ingilishi ma ba wannan ɗafin take ɗauke da shi ba, wani ne daban, wanda burbushinsa ya saura a ƙarshen *kindred* da *hatred*. Wajejen 1300 ana rubuta *brotherhede*, siffar da ake amfani da ita yau kuma ta kafu ne a ƙarni na 15.

## Kishiya daga Faransa, da tasirin coci

Bayan Normandawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da kotu na ɗaruruwan shekaru. Ta wannan ƙofa *fraternity* ta shigo a ƙarni na 14, jikar *frater* ta Latin. Tun daga lokacin Ingilishi ke da kalma biyu a kan abu ɗaya, kuma suka raba aiki: ta gida ta fi ɗumi, ta fi shiga waƙa da wa'azi, baƙuwar ta fi zama a takarda da sunan hukuma.

Addini ne ya fara raba kalmar da jini a Ingila. Kiristoci na kiran juna 'yan'uwa tun zamanin manzanni, sufayen coci kuma da wannan suna suke kiran junansu. Tsohon jam'in kalmar, *brethren*, wanda ya cika fassarar Littafi Mai Tsarki ta 1611, ya fita daga maganar yau da kullum ya maƙale a coci. Wannan jam'in ya iso har arewacin Najeriya. Wata ɗariƙar Kirista da ta samo asali a ƙauyen Schwarzenau na Jamus a 1708, ta bunƙasa a Amurka da sunan Church of the Brethren, ta buɗe mishan a Garkida a 1923. Cocin da ya fito daga wannan aiki shi ne Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya. Musulmi ba baƙon wannan ma'ana ba ne: aya ta 10 a Suratul Hujurat ta ce muminai 'yan'uwan juna ne, kuma an ƙulla 'yan'uwantaka tsakanin Muhajirai da Ansaru a Madina.

## Yadda hali ya zama ƙungiya

A Ingila ta ƙarni na 14 da na 15, garuruwa da ƙauyuka cike suke da ƙungiyoyin taimakon juna da ake kira da ɗaya daga cikin kalmomin biyu. An san su sosai saboda a 1388, zamanin Sarki Richard na Biyu, hukuma ta umarci kowacce ta kawo bayanin dokokinta da dukiyarta, kuma sama da 500 daga cikin takardun da aka aiko suna nan har yau. Wanda ya karanta su zai ga rayuwar talakan wancan zamani kusa-kusa. Mutum ya biya kuɗin shiga, ya yi rantsuwa. Daga asusun ake sayen kyandir ɗin da za a kunna a coci da sunan waliyyin ƙungiya. In ɗan ƙungiya ya rasu, dole sauran su raka gawarsa, wanda ya ƙi zuwa ba uzuri a ci shi tara. In tsufa ko ciwo ko gobara ta karya wani, ana ba shi ɗan abin masarufi duk mako. Shekara-shekara kuma a haɗu a ci abinci tare.

Akwai wani abu a takardun nan da ya shafi gardamar yau kai tsaye: da yawa daga cikin ƙungiyoyin suna da mata, kuma dokokinsu na cewa "'yan'uwa maza da 'yan'uwa mata". Ke nan a wancan lokaci sunan bai hana mace shiga ba, ko da yake shugabanci galibi a hannun maza yake. A 1547, bayan Ingila ta raba gari da cocin Rum, aka rushe waɗannan ƙungiyoyi na addini, gwamnati ta ƙwace kadarorinsu.

Ma'anar ba ta mutu da su ba. Ta sake tsirowa da ƙarfi a Amurka ta ƙarni na 19, a wurin ma'aikatan jirgin ƙasa. Direbobin jirgi sun kafa tasu ƙungiyar a Detroit a 1863 suka sa mata wannan suna, sauran ma'aikatan layin dogo suka bi sahu. Dalilin a fili yake: aikin na kisa ne, kuma in mutum ya mutu a bakin aiki, abokan aikinsa ne kaɗai za su tuna da matarsa da 'ya'yansa. Masu aikin lantarki sun kafa tasu a 1891, masu dakon kaya a keken doki a 1903, kuma har yau sunan na nan.

A nan ne kuma aibin kalmar ya fito fili. Manyan ƙungiyoyin ma'aikatan jirgin sun daɗe ba sa karɓar baƙar fata. Baƙaƙen da ke hidima a taragun kwana, masu shimfiɗa gado da goge takalmin fasinja, sai da suka kafa tasu a 1925 ƙarƙashin A. Philip Randolph, kuma ita ma *brotherhood* suka kira ta. Duk ƙungiyar da ta ce 'ya'yanta 'yan'uwa ne, ta riga ta ja layi, wani yana ciki wani yana waje.

## Lokacin da aka ce duniya duka dangi ce

A ƙarshen ƙarni na 18 kalmar ta yi wani tsalle: ta fara nufin zumuncin da ya haɗa ɗan Adam gaba ɗaya. Akwai wani ɗan ƙaramin abu da ya nuna wannan sauyi fiye da dogon bayani. A 1787 masana'antar tangaran ta Josiah Wedgwood ta ƙera wa masu yaƙi da cinikin bayi wata lamba, ƙarama ce da za ta zauna a tafin hannu. A jikinta akwai baƙin mutum a durƙushe, sarƙa a hannu da ƙafa, ya ɗaga hannuwansa, kewaye da shi an rubuta tambaya: ashe ni ba mutum ba ne, ba kuma ɗan'uwa ba? Mata suka riƙa maƙala ta a gashi da awarwaro, maza a jikin gwangwanin taba. Masana tarihi na yau suna yaba tasirinta, suna kuma lura cewa a durƙushe aka zana shi, yana roƙon a karɓe shi. Bayan wasu shekaru mata masu fafutuka suka fitar da tasu, mai hoton baiwa, tana tambaya ko ita ba mace ba ce, ba kuma 'yar'uwa ba. Tun a lokacin wasu sun ji cewa kalmar farko ba ta ɗauke su ba.

A Faransa, *fraternité* ta zama ta uku a kirarin juyin juya hali, bayan 'yanci da daidaito. Jamhuriya ta Biyu ta ɗauke shi a hukumance a 1848, yana kuma cikin tsarin mulkin 1958. Jamhuriyar Nijar ta sa wannan kalma a gaba cikin nata kirarin: zumunci, aiki, ci gaba. A Amurka kuma, ranar 28 ga Agusta, 1963, Martin Luther King ya yi fatan ranar da 'ya'yan bayi da 'ya'yan iyayen gijinsu za su zauna a teburin 'yan'uwantaka ɗaya.

## Inda kalmar ta yi baƙin jini

*Fraternity* ta bi wata hanya a jami'o'in Amurka. Daga ƙungiyar Phi Beta Kappa da aka kafa a kwalejin William and Mary a 1776, aka sami al'adar ƙungiyoyin ɗalibai masu suna da haruffan Girkanci, masu rantsuwa da gaisuwar sirri. Yawancinsu halastattu ne, suna da gidaje a harabar makaranta. Amma azabtar da sabbin shiga ya yi sanadin mutuwar ɗalibai da dama, har a Disamban 2024 aka yi dokar tarayya da ta tilasta wa jami'o'i bayyana irin waɗannan laifuffuka.

A Najeriya, Wole Soyinka da abokansa shida sun kafa Pyrates Confraternity a kwalejin jami'a ta Ibadan a 1952, da manufar yaƙar ƙabilanci da girman kan 'yan boko. 'Ya'yanta har yau suna nesanta kansu da tashin hankali. Sai dai ƙungiyoyin da suka ɓullo daga baya sun mayar da sunan abin tsoro, musamman bayan kashe ɗalibai biyar a jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ife ranar 10 ga Yuli, 1999. A Turancin Najeriya na yau, *confraternity* ƙungiyar asiri ce kawai, alhali a cocin Katolika sunan ƙungiyar ibada ce. Ko aikatau ɗin kalmar, *fraternise*, ya sami tabo: a bakin soja yana nufin sakin jiki da abokin gaba, kamar yadda aka haramta wa sojojin ƙawance yi da Jamusawa a 1944 da 1945.

## Fassarar da ta shafi Musulmi

Sunan ƙungiyar da Hassan al-Banna ya kafa a Isma'iliyya a 1928 shi ne al-Ikhwan al-Muslimun. Jam'i ne na mutane, kuma Hausa ta fassara shi daidai: 'Yan'uwa Musulmi. Turanci ne ya fi son *Muslim Brotherhood*, kuma ga kunnen Bature wannan na ɗauke da ƙamshin rantsuwa da sirri da rufaffiyar ƙofa. Magoya bayan ƙungiyar na ganin hakan ya ƙara mata baƙin fenti. Masu adawa da ita, ciki har da gwamnatin Masar da ta ayyana ta a matsayin ta ta'addanci a Disamban 2013, suna cewa tsarinta na mubaya'a da matakan shiga ya dace da sunan.

Batun ɗariƙu ya fi wannan nisa da asali. Ɗariƙa hanya take nufi. Marubutan Faransa na zamanin mulkin mallaka suka kira ɗariƙu *confréries*, suna kwatanta su da ƙungiyoyin cocinsu, Ingilishi ya bi su. Fassarar ta kama zumuncin da ke tsakanin almajiran shehi ɗaya, amma ta saki wuridi da silsila da tarbiyya, waɗanda su ne ginshiƙin abin. Ta kuma sa mai karatu a waje ya ɗauka maza ne zalla, alhali mata na cikin ɗariƙu, har da muƙaddamai. Wanda bai san yankin ba yana iya ganin kalma ɗaya a kan Tijjaniyya da Ikhwan ya zaci jirgi ɗaya ya kwaso su.

## Ta maza ce ko ta kowa?

Masu cewa a sauya kalmar suna kafa hujja da gininta: *brother* namiji ne, kuma Ingilishi na da *sisterhood* daban, wadda 'yan gwagwarmayar mata suka ɗaga daga ƙarshen shekarun 1960. Suna kuma nuna ƙasashen da suka gyara nasu taken. Ostiriya ta yi haka a 2012, ta ƙara "'ya'ya mata" kusa da "'ya'ya maza", ta kuma cire kalmar da ke nufin amshin 'yan'uwa maza. Kanada ta yi nata gyaran a 2018.

Masu cewa a bar ta suna cewa ma'anar kalma tana wurin masu amfani da ita, ba a gininta ba, kuma sama da shekara 200 ana amfani da wannan a kan ɗan Adam duka. Babbar hujjarsu ita ce kundin haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya, na 10 ga Disamba, 1948. Wakiliyar Indiya, Hansa Mehta, ta tsaya kai da fata sai da aka cire "dukkan maza" daga sashe na farko aka sa "dukkan 'yan Adam", amma *brotherhood* ta tsira a ƙarshen wannan sashen. Ɗaya ɓangaren kuma na karanta wannan a matsayin gyaran da aka fara ba a gama ba.

Akwai matsala ta zahiri da ɓangarorin biyu suka yarda da ita: Ingilishi ba shi da madadi mai daɗin faɗa. Kalmarsa da ta haɗa mace da namiji, *sibling*, tsohuwa ce da ta ɓace, masana kimiyya suka tono ta a farkon ƙarni na 20, kuma har yanzu warin littafi take yi. *Solidarity* da *unity* kuwa ba su da ɗumin ciki ɗaya. Hausa ba ta da wannan giɓin, domin "'yan'uwa" ta ɗauki wa da ƙane da ya da ƙanwa a lokaci guda. Shi ya sa gardamar kan ɓace da zarar an fassara ta.

## Abin da ya shafi mutum a rayuwarsa

Ga mai fassara labarai, kalmar na bukatar a duba ta sau biyu. In hali take nufi, 'yan'uwantaka ko zumunci ya wadatar. In sunan taro ne, sai an ce ƙungiya, a kuma fayyace iri: ta ƙwadago ce, ta addini, ko gungun masu laifi irin Aryan Brotherhood na farar fata masu wariyar launi, wanda ya taso a gidajen yarin Kalifoniya a shekarun 1960. Iyayen da ɗansu ya tafi karatu Amurka ya ce an gayyace shi *fraternity* ba lallai ƙungiyar asiri ake nufi ba, amma suna da dalilin tambayar yadda ake karɓar sabbin shiga. Ɗalibi a jami'ar Najeriya kuwa, kalmar kaɗai na iya jawo masa kora ko kamu.

Kalmar na iya zama hujja a gaban alƙali ma. Cédric Herrou, manomin zaitun a kwarin Roya kusa da iyakar Faransa da Italiya, an gurfanar da shi saboda taimakon baƙin haure, da yawansu 'yan Sudan da Eritiriya. Ranar 6 ga Yuli, 2018, majalisar tsarin mulkin Faransa ta yanke cewa *fraternité* ƙa'ida ce mai ƙarfin tsarin mulki, don haka mutum na da 'yancin taimakon wani saboda jinƙai ba tare da duba takardunsa ba. Hukuncin bai halasta tsallako da mutum iyaka ba, wannan ya ci gaba da zama laifi. Amma ba shi abinci da wurin kwana, ko ɗaukarsa a mota a cikin ƙasar don jinƙai, ya fita daga abin da za a hukunta mutum a kansa.